Inci Goma Sha Shida

Da safen ranar da za a sake awon, Tela ta ɗauko 'yar robar man keken ɗinkinta, ta sunkuya ta ɗiga wa tayar hagu ta keken guragun da take zaune a kai. Shekara goma sha ɗaya tayar nan tana kuka, kuma da gangan ta ƙyale ta, don kukan shi ne sallamarta. Da Baba Kafinta ya jiyo shi daga shagonsa na bakin layi, sai ya ajiye ko me ke hannunsa, ya jawo faffaɗan katakon da ya haɗa mata, ya shimfiɗa a kan kwata ta haye titi. Yau kuwa ba ta son ya ji zuwanta. Ta murza tayar gaba, ta murza baya, babu ƙara ko kaɗan. Sai shirun ya sa gabanta ya faɗi.

Ƙaninta na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi yana kallonta. Direban motar haya ne, kuma Direba kowa ke ce masa, har matarsa. Mutum ne mai zuciya a kusa, mai saurin hawa da saurin sauka, ya kuma ajiye mota yau takanas saboda wannan abu da bai yarda da shi ba.

"Yaya, har yanzu kina kan bakanki?"

"Ina kai."

"A tara mutane su tsaya suna kallonki kin maƙale a bakin kwata, ni ina tsaye da hannu biyu lafiyayyu. Me za a ce da ni a layin nan?"

"Za a ce kana jin maganar yayarka. Sabon abu ne a wurinka, na sani, amma ka gwada yau ka ji yadda yake."

Bai yi dariya ba. Ya dire kofin a kan teburin yankanta, daidai inda ta hana a ajiye komai.

Layinsu ba shi da wani tsawo, gida goma sha huɗu ne hagu da dama. Ta can sama ya ƙare da matakala ashirin da uku masu hawa zuwa bayan makaranta, wanda ya tsara su kuwa bai taɓa jin labarin akwai mai tafiya a kan taya ba. Ta ƙasa kuma ya faɗa kan babban titi. Lokacin da aka zuba wa titin kwalta aka yanka masa kwata ta siminti a gefe, zurfinta ya kai gwiwar babban mutum, aka bi ana ɗora murfi a bakin duk layin da mota ke shiga. Layin su Tela mota ba ta shiga, don haka aka tsallake shi. Ai mutum yana da ƙafa, sai ya tsallaka. Haka wani ya yanke a ofishinsa mai sanyi, ya kulle baiwar Allah a gida bai ma san da ita ba.

Wata uku da suka wuce ofishin tsara gari ya fito da wani shiri. Za a auna unguwanni a ga yadda hanyoyinsu ke hana nakasassu harkokin yau da kullum, layi goma da suka fi muni kuma a gyara su bana. Awon ba wuya. A sami mai keke ko makaho ko mai sanda a layi, ya tashi daga ƙofar gidansa zuwa asibitin unguwa, ma'aikaciya na biye da shi da agogo da fom, tana rubuta mintin da ya ci da abin da ya tare shi. A layin nan Tela aka zaɓa.

Su kuwa maƙwabta, Allah ya saka musu, da suka ji baƙi za su zo daga ofis sai suka ce ba da su ba abin kunya. Aka share layi tas. Mai shago ya kwashe akwatunan lemon da kullum ke cin rabin hanya, mai faci ya gangarar da tsofaffin tayoyinsa bayan rumfa, wani ya cike ramin gaban gida na shida da ƙasa ya daddaɓe. Baba Kafinta ya shimfiɗa katakonsa tun da sassafe, har da shafa masa fenti. Tela ta sulale daga ƙofarta zuwa asibiti cikin minti tara, ba ta taɓa yin irin wannan gudun ba a rayuwarta. Ma'aikaciyar, wadda tun daga ranar 'yan layi ke kira Malama mai agogo, ta ga katako mai fenti ta rubuta akwai gada. Da sakamako ya fito, layinsu yana cikin waɗanda suka fi ko'ina sauƙin bi a duk garin. Aka yi ta taya juna murna, Tela kuwa ta shige ɗaki ta kasa cin abinci.

Sau uku tana zuwa ofishin, sau uku tana tsayawa a gindin matakalarsa tana aika a kira mata Malama, don su ma masu auna matakalar mutane a bene suke. A zuwa na uku Malama ta sauko ta ce shugabanta ya yarda a sake, sau ɗaya tak, kuma yau, saboda gobe za a sa hannu a jerin layi goman. A bar layin yadda yake kullum, kada a sa mata komai a hanya wanda ba a kafe yake ba. In ta iso abin da ya tare ta, za ta tsaya a gabansa minti goma sha biyar cif, sannan a rubuta hanya a toshe take, layin da mafitarsa ɗaya tilo ta toshe kuwa kai tsaye yake shiga cikin goman. Amma in hannu ɗaya ya taɓa ta ko kekenta kafin lokacin ya cika, awo ya lalace, minti taran nan na farko shi zai tsaya.

Abin da ya fi wuya shi ne gaya wa Baba Kafinta. Tsoho ne siriri, da wuya ka gan shi babu ƙusa a baki, abokin marigayi babansu ne, ya san Tela tun tana zanen goyo. Shekaranjiya ta tsaya a ƙofar shagonsa ta yi masa bayani dalla-dalla, yana ta goge ƙafar wata kujera bai ɗago ba.

"To katakon nawa ne ya yi laifi ke nan," ya ce.

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Shekara goma sha ɗaya. Na taɓa ce miki na gaji?"

"Ba ka taɓa ba."

"To mene ne na kai ƙarata ofis?"

Ta so ta ce masa tana ganin yadda yanzu sai ya dafa gwiwa yake iya miƙewa. Ta so ta ce masa akwai ranar da shagon nan yake a kulle. Amma wannan ranar ba a ambatonta, ko shi, ko ita, ko Direba. Sai kawai ta ce, "Minti goma sha biyar nake roƙo, Baba." Ya hure ƙurar katako daga kujerar, ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake sallamar mai talla.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Malama mai agogo ta iso, da tabarau a hanci, agogo rataye a wuya, fom manne a allo. Mace ce mai bin ƙa'ida har ya zama ciwo, kuma kunyar gadar da ta rubuta tana nan tana cin ta. Ta gaida Direba, ya amsa da ka. Ta juya ga Tela.

"Anti, na ja layin alli taku ɗaya daga bakin kwatar. Da ƙananan tayoyinki na gaba sun taka shi zan fara ƙirga. Ba a ce ki gwada tsallakawa ba, tsayawa kawai za ki yi."

"Tsayawa ai sana'ata ce a wurin nan, Malama. Danna agogonki."

Ta gyara tef ɗin awonta da ke rataye a wuyanta kullum, ta tura keke ta fita.

Layin ya koma halinsa. Ruwan sama ya wanke ƙasar da aka cike ramin gida na shida da ita, sai da Tela ta yi baya sau biyu kafin ta raɓa ta gefensa, kafaɗarta na gugar bango. A gaban shago akwatunan lemo sun cinye hanya kamar kullum. Mai shago yana tsaye a kansu, shi da ya saba ture su da ƙafa tun kafin ta iso, yau sai ya haɗa hannuwansa a baya ya ƙura wa sama ido kamar mai jiran hadari. Ta kutsa tsakanin akwatu da bango, taya na ƙara, ta wuce da ƙyar. Mata suka fito ƙofar gidajensu, wasu da wanki a hannu, suka bi ta da ido babu mai cewa sannu, don ba su sani ba ko sannu ma taimako ce. Direba na biye a baya, hannuwansa cuse a aljihu.

Minti goma sha biyu ta ci kafin ta iso bakin layi. Shagon Baba Kafinta a buɗe yake, katakon na jingine a jikin bango inda yake zama. Shi kuma yana can ciki ya juya baya, yana zarto da ƙarfi fiye da yadda aikin ke buƙata.

Tayoyin gaba suka taka alli. Malama ta danna agogo ta ce, "Mun fara."

Nan Tela ta gano abin da shekara goma sha ɗaya ba su nuna mata ba. Bakin layin gangare ne. Ba ta taɓa tsayawa dab da kwatar haka ba, in jira ya kama daga can sama take yi, sauran lokuta kuwa katako na shimfiɗe, wucewa kawai take yi, gangaren ma taimaka mata yake. Ta ja birkin dama, ya kama. Ta ja na hagu, ya kama, sai ta ji tayar tana sulɓewa a hankali a ƙarƙashinsa. Ta leƙa. Man da ta ɗiga da safe ya gangaro ya jiƙa bakin tayar, ga shi nan yana ƙyalli a rana. Da hannunta ta yi wa kanta. Ta damƙe ƙarfen tayar da hannun hagu, ta riƙe gam, ta miƙar da fuskarta gaba kamar ba komai. In Malama ta sani za ta tsayar da awon, kuma babu gobe.

Rana ta take. Kwatar na gabanta, baƙin ruwa na tafiya a ƙasanta a hankali da ledoji da bawon lemo, wari na tasowa. Mutane suka fara taruwa a bayanta, tana jin numfashinsu da sautin takalmansu. Wata mata ta zo da kaya a ka, ta tsaya ta rasa yadda za ta yi, sannan ta raɓa ta gefe ta tsallake kwatar da taku ɗaya ta hau titi, ta waiwayo da fuskar mai neman gafara.

"Minti uku," in ji Malama.

Wani mutum mai jaka a hannu yana wucewa ta titi, baƙo ne a unguwar, ya ga abin da ke faruwa ya tsaya cak. Ya dubi Tela, ya dubi jama'ar da ke bayanta, ya ajiye jakarsa ya fara naɗe hannun riga.

"Malam, don Allah kada ka taɓa," Malama ta ce, ta sha gabansa. "Awo muke yi."

"Awon me? Ga mace a rana ta kasa wucewa, ƙatti sun fi goma a tsaye. Ku ba ku da imani ne a layin nan?"

Mai faci ya taso ya soma yi masa bayani, ya hau kame-kame ya dagula zancen. Mutumin ya ɗauki jakarsa, ya ce ya yi yawo a duniya amma bai taɓa ganin marasa tausayi irinsu ba, ya tafi yana girgiza kai. Maganar ta sauka a kan mutanen da shekara goma sha ɗaya suke ɗaukar ta a kan hannuwansu. Tela ta ji kunya ta rufe ta, ta ji tausayinsu, ta kuma ji haushinsu, duk a lokaci ɗaya. A cikin shago ƙarar zarto ta tsaya.

"Minti shida."

Hannunta na hagu ya fara zafi daga wuyan hannu zuwa kafaɗa. Gumi ya haɗu da mai a tafinta. Ta ɗaga ido don ta manta da hannun, sai idon ya sauka a inda take guje wa, koriyar ƙofar asibitin, can tsallaken titi ƙasa kaɗan.

Shekara biyu ke nan, wata Talata da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, numfashin Inna, mahaifiyarsu, ya canza. Direba ya goya ta a baya ya ruga, yana cewa, "Yaya, biyo mu." Bai san Baba Kafinta ya tafi sayen katako ya kulle shago ba, da gadarta a ciki, don sau biyu ana sace ta in an bar ta a waje. Tela ta iso bakin layi ta tarar da ƙofa a garƙame, ruwa ya cika kwata ya shafe bakinta. Maza duk sun tafi aiki. Ta yi kira har muryarta ta dushe, ruwan da ke dukan kwanon rufi ya haɗiye kiran. Tana ganin koriyar ƙofar nan, tana ganin masu shiga da fita da lema. Minti arba'in ta yi kafin wasu masu wucewa biyu suka ɗaga ta da keken suka tsallakar. Da ta shiga an riga an ja wa Inna zane har ka. Ma'aikaciyar jinya ta ce sau biyu tsohuwar tana tambaya, ina babbar.

Tun daga ranar babu wanda ya ce laifin wani ne. Baba Kafinta bai sake zuwa sayen katako da kansa ba, aike yake yi. Direba kuma ko tari ta yi sai ya taso.

"Minti goma." Malama ta matso kusa, ta rage murya. "Anti, hannunki rawa yake yi."

"Tsufa ne."

"Ko akwai matsala?"

"Ki kalli agogonki, Malama, shi aka ba ki."

Ta so ta canza riƙo, ta ɗan sassauta yatsunta don jini ya koma cikinsu. Abin da ya rage ke nan. Ƙarfen ya sulɓe daga tafinta kamar sabulu. Tayar dama na ɗaure, ta hagu ta tafi, keken ya juya a kan kansa, ƙaramar tayar gaba ta hagu ta zarce bakin siminti ta faɗa cikin kwata. Keken ya tuntsura gaba, ƙarfen da take ɗora ƙafafu ya daki ɗaya bakin kwatar da ƙara, ya tsaya a nan. Tela ta sami kanta a karkace, rabin jikinta a saman baƙin ruwa, hannunta na dama maƙale da madafin keken. Ƙafarta ta hagu, wadda ba ta jin ta, ta zame tana lilo, takalminta ya faɗa ruwa ya bi ledoji.

Mata suka sa salati. Malama ta ɗora yatsa a kan agogo.

"Zan tsayar, Anti. Ba zan iya ba."

"Saura nawa?"

"Uku da rabi."

"To cire yatsanki daga nan."

Ta ji gudun Direba a bayanta, ta san takunsa ko a cikin dubu. Ta buɗe baki ta hana shi, numfashi ya ƙi isa. Sai kuma ta ga abin da ya fi wannan tsinka mata zuciya. Baba Kafinta ya fito daga shago, ya rungumo katakon.

"Baba, don Allah," ta ce. "Don Allah, Baba."

Bai ko dube ta ba. Ya wuce ta bayanta, ya juya katakon a kwance a ƙirjinsa, ya tare bakin layin da shi daga bangon shagonsa zuwa rumfar mai faci. Direba ya zo da gudu ya daki katakon da ƙirji, tsohon ya yi taga-taga, amma bai saki ba.

"Koma," ya ce.

"Baba, faɗawa za ta yi."

"Na fi ka gani. Ni na auna wurin nan kafin in yanka katakon. Ƙarfen ƙafarta ya hau bakin can, ya ci. In ba ta motsa ba, ba inda za ta." Ya ɗan juya kai, ya yi magana ta kan kafaɗarsa. "Ke 'yar nan, jingina dama. Kada ki kalli ruwan, kalli titi."

Ta jingina dama. Ƙarfen ya yi ƙara a kan siminti, ya ɗan ja, ya tsaya.

"Matsa mini, Baba," Direba ya ce, muryarsa ta fashe. "Ban taɓa ɗaga maka murya ba, kada yau ta zama ta farko. Rannan ma a nan na bar ta."

Abin da aka shekara biyu ana zagaye shi, ga shi an ajiye a tsakiyar hanya da rana tsaka.

"Rannan ni na kulle shago," in ji Baba Kafinta. "Ni da kai muka bar ta, ba ta roƙe mu ba. Yau ita ta ce a bar ta. In ka wuce katakon nan, sai dai ka bi ta kaina."

Katakon nauyi gare shi, falanki uku ne aka haɗa, kuma tsohon bai saba riƙe shi a sama ba. Tela ba ta ganinsa, amma tana jin yadda numfashinsa ke fita da ƙyar. Sai ta ji mai faci ya taso ya kama ɗaya gefen. Mai shago ma ya zo ya sa kafaɗa. Mutanen da suka saba rige-rigen ɗaukar ta, yau sun haɗu sun yi shinge don kada a taɓa ta.

"Saura biyu," Malama ta ce, tana durƙushe a tsallaken kwatar daidai fuskar Tela, hannunta ɗaya a miƙe a iska, bai taɓa ba, bai kuma janye ba.

Hannun daman Tela ya mutu. Ba ta san ko yana riƙe ba ko ya saki, sai dai ta ga yatsunta a kan madafin. Gumi ya shiga idonta. Wata babbar mota ta wuce ta titi, ƙasa ta girgiza, ƙarfen ya sake ja kaɗan, wata mata ta rufe fuska da mayafi. Tsoro ya kama Tela sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta kuma san in aka tambaye ta yanzu za ta ce a ɗauke ta. Saboda haka ta cije leɓe don kada maganar ta fita.

"Saura ɗaya."

A bayanta Direba ya daina turawa. Tana jin shi yana ƙirga a hankali, yana haɗiye kuka tsakanin lamba da lamba, kamar lokacin da yake yaro tana koya masa ƙidaya a kan maɓallan ɗinki. Ta bi muryarsa. Da ya kai sittin agogon bai cika ba, don sauri ya yi, sai ya tsaya.

Malama ta danna. "Ya cika."

Katakon ya faɗi ƙasa. Kafin ƙararsa ta mutu Direba ya rungume ta ta baya, mai faci ya kama keken, suka jawo ta kan tudu. Sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya daga madafin. Tafin hannunta na hagu ya yage, jini da mai sun haɗu. Wata ta kawo ruwa, wata ta kawo tsumma, duk sannun da aka riƙe tun ɗazu ta zubo a lokaci ɗaya.

Malama ta zauna a kan wata tsohuwar taya tana rubutu. Ta juya allon ta nuna wa Tela. A gurbin da ta taɓa rubuta gada, yanzu an rubuta hanya a toshe.

"Kun shiga cikin goman, Anti. Ni da kaina zan kai takardar nan teburinsa yau."

Baba Kafinta na zaune a dakalin shagonsa, ya dafe baya, yana mayar da numfashi. Ya dubi tayar hagu, ya dubi man da ke ƙyalli a jikinta, ya gane komai.

"Dama shi ya sa ban ji fitowarki ba," ya ce. "Wayonki ya kusa kai ki kwata."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Rufe mini baki."

Saura abu ɗaya a fom, faɗin abin da ya tare hanya. Malama ta zaro tef ɗinta na ƙarfe, ta durƙusa ta ɗora daga baki zuwa baki, ta ce santimita arba'in da ɗaya.

"Ni ba na jin wannan lissafin," in ji Tela. Ta ciro nata tef ɗin daga wuya da hannun da bai yage ba, ta miƙa wa ƙaninta. "Auna mini da nawa."

Direba ya tsuguna, ya danne kan tef ɗin da babban yatsa, ya ja zuwa ɗaya bakin. Ya duba, ya sake dubawa.

"Inci goma sha shida, Yaya."

Ta kalli ɗan guntun tef ɗin da ke tsakanin hannuwansa. Ta ɗauka zai fi haka. Shekara goma sha ɗaya tana ganin wurin nan kamar kogi.

"Sha shida," ta ce a hankali. "Kafaɗar rigar Inna ke nan."

Sau nawa ta ja alli a kan yadi ta yanka wannan faɗin, ba ta ko duba tef. Direba ya zauna daɓas a bakin kwatar, tef ɗin na hannunsa, ya kifa kai a gwiwa, babu wanda ya ce masa ya tashi.